Tayar da ke ɗauke da kai, shekarunta nawa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. A yi haƙuri da tsawonsa, a daure a karanta har ƙarshe.

Yau maganar taya za mu yi. Eh, tayar mota. Da rim, da kuma ƙafar mota baki ɗaya. Na san wani zai ce, to mu da ko keke ba mu da shi, ina ruwanmu da taya? Ɗan'uwa, kai ne ma ka fi kowa ruwa da ita, domin kai ne kake zuwa tasha ka biya kuɗinka, ka shiga motar da ba ka san komai a kanta ba, ka miƙa mata ranka na awa uku ko huɗu.

Bari in ba ku abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Bara, ana saura kwana biyu Sallah, na hau Sharon daga Kano zan tafi Kaduna. Motar da aka ƙera don mutum bakwai, mu goma ne a ciki, ga buhuna a but har ƙofar ba ta rufuwa sai da aka ɗaure da igiya. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, rana ta take, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Bayan motar ya fara wutsil-wutsil, mata suna salati, wani dattijo a gefena ya riƙe min hannu kamar zai karya. Allah ya taimake mu direban tsohon hannu ne, bai taka birki ba, ya riƙe sitiyari har motar ta lafa muka gangara gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo.

Da muka fito, kowa yana cewa ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Ni kuma na je na tsuguna gaban tayar da ta fashe. Direban yana ta rantsuwa cewa sati uku ke nan da sayenta, 'yar Beljiyam ce, zanenta raɗau. Gaskiya ya faɗa, zanen yana nan. Amma a gefenta akwai lambobi huɗu: 4113. Ma'ana an yi ta a sati na 41 na shekarar 2013. Ta haura shekara goma a duniya. Kuma ga ɗan hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, wato taya ce da aka yi don ƙasashen sanyi. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi ɗan samari, shekara ashirin ina tuƙi, ba wanda ya taɓa nuna min wannan."

Wannan maganar tasa ce ta tsaya min a rai. Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ma yana cikin motar, shi ma yana da iyali. Bai sani ba ne kawai. To abin da ban so shi ne wani a cikinku ya gama jin wannan shiri yana cikin rashin sanin nan.

Mu fara da yadda aka yi kasuwar ta zama haka. A da ana yin taya a ƙasar nan. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, suka rufe a 2007. Dunlop na da tasu a Legas, su ma suka daina a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar motar da ke kan titinmu daga waje take zuwa, kuma kun san abin da ake saye da dala, duk lokacin da naira ta faɗi farashinsa sama yake yi. Shi ya sa mutane suka koma gwanjo. Abin mamakin shi ne tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka gani da idonka. Kuma don a rage kuɗin kwantena, wasu masu shigo da taya sukan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a cikin ɗaya. Hukumar SON ta sha yin magana a kan wannan. Taya akwai wayoyi a cikinta, in aka lanƙwasa ta da ƙarfi aka bar ta haka tsawon makonni a cikin jirgin ruwa, wayoyin nan suna samun rauni, kai kuma daga waje ba za ka gani ba.

To yaya ake karanta taya? Abu na farko shi ne ranar haihuwarta. Ka duba gefenta, za ka ga haruffa DOT, sai wasu haruffa da lambobi su biyo baya, a ƙarshe akwai lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, sati na 23 ke nan na 2019. In lambobi uku ka gani kacal, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, wannan ko kyauta aka ba ka sai dai a yi wa yara lilo da ita. Wani lokacin lambar a gefe ɗaya take, in ba ka gani a waje ba ka leƙa ta ciki. In kuma ka ga wurin kamar an kankare ko an goge, ka ajiye tayar ka yi gaba, wanda ya goge ya san abin da yake ɓoyewa.

Me ya sa shekaru ke da muhimmanci alhali zanen bai cinye ba? Saboda roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye. Iska da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, abin da ke manne robar da wayoyin ciki ya yi sanyi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Wasu kamfanonin mota suna cewa shida. Masu yin tayar da kansu suna cewa kome kyanta kada ta wuce goma. Duk wanda ka bi a cikinsu, waccan tayar da ta fashe da mu ta wuce wa'adi. Kuma ku tuna a nan Arewa, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Tayar ƙasar sanyi robarta mai laushi ce don ta kama ƙanƙara, in ta hau kwaltar Kano zuwa Maiduguri da azahar, cinyewa take yi da sauri, kuma ba ta riƙe hanya yadda ya kamata.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata ku sani. Taya ta suɗe ta yi sanƙo, sai a sa wuƙa mai zafi a sake sassaƙa mata zane, a shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. In ka ga zanen ba daidai yake ba, wani wuri faɗi wani wuri siriri, ka yi hattara. Taya ta gaskiya tana da wasu 'yan tudu a cikin ramin zanen, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da zanen ya cinye ya yi daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya da damina, in babu shi motar kan ruwa take sulɓi, sitiyari da birki duk ba sa jin magana.

Abu na biyu, manyan lambobin nan da ke jiki. Mu ɗauki misali da wadda ake yawan gani a ƙananan motoci: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, wato wajen milimita 127. R irin saƙar wayoyin ciki ce. Lamba 15 girman rim ne a inci. Yawancinmu a nan muke tsayawa, mu ce wa mai shago ba ni siza 15. Amma biyun ƙarshen nan su ne na rai da mutuwa. Lamba 91 tana nufin tayar nan ɗaya kilo 615 za ta iya ɗauka, ba ƙari. H kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 210 a awa. In T ce 190, in S ce 180.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Bas irin Hiace da muke kira Homa, tayar da ta dace da ita tana da harafin C a ƙarshen siza, kamar 195 R15C, wadda aka yi don motocin ɗaukar kaya da fasinja. Mai lamba 106 a cikinsu kilo 950 take ɗauka. To direba ya je kasuwa kuɗi sun gaza, aka ce masa ga wata siza 15 ma, za ta hau. Eh za ta hau rim ɗin, amma kilo 615 ce. Bambancin kilo 335 a kan kowace ƙafa. Sannan a cika motar maƙil, a ɗora buhun masara a sama, a hau hanya da tsakar rana. In ta fashe sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun wannan, amma akwai sakacin da mu muka yi da hannunmu, kuma shi za a tambaye mu a kansa.

Abu na uku, iska. Nan ne kusan kowa yake kuskure. Ka tsaya wurin mai faci, ya ɗora tiyo, ya buga tayar da sifana ya ji ƙararta, ya ce ta yi. Ko kuma ya duba lambar da ke jikin tayar ya cika ta har can. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ce, ba ita motarka take so ba. Abin da motarka take so yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma a murfin tankin mai. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne zuwa 35 a geji. Kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

In iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, rami kaɗan sai ta yi ƙari a gefe. In ta yi kaɗan kuma, wannan ya fi haɗari, domin gefen tayar yana ta lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi yana taruwa a ciki har ta tarwatse. Akwai wata al'ada ta direbobinmu, in an yi tafiya mai nisa cikin rana sai a tsaya a rage iska wai kada ta fashe. Don Allah a daina. Taya in ta yi zafi dole geji ya ɗan hau, an yi ta da sanin haka. In ka rage a lokacin, ka mai da ita mai ƙarancin iska, ka ƙara mata zafin da kake gudu. Geji ɗan ƙarami ne, ka saya ka jefa a mota. Kuma ka tuna da safaya, ita ma taya ce.

To mu zo kan 'yan'uwana matasa, masu son a ga mota ta yi kyau. Ka sayi 'yar Corolla ko Civic ɗinka, abu na farko sai a cire rim na asali a sa siza 17 ko 18 mai walƙiya. Ba na hana ka gayu, amma ka san abin da kake saya. In rim ya ƙara girma dole gefen taya ya ragu, don tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. Daga 195/65 R15 in ka koma 205/55 R16, tsayin kusan ɗaya ne, ba matsala sosai. In ka tafi 215/45 R17, gefen tayar ya sauko daga milimita 127 zuwa wajen 97. Wannan robar da ka rage ita ce katifar da ke tsakanin rim ɗinka da ramukan unguwarku. Shi ya sa za ka ga mai babban rim kullum yana wurin masu gyaran rim, yau ya lotse gobe ya tsage. In kuma ba a yi lissafin ba aka sa wadda ta fi tsayi, tana gugar jikin mota in an karya kwana, kuma agogon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da abin da kake yi.

Sannan ramukan noti. Ba duk rim mai rami biyar ne ɗaya ba. Na Camry tazararsa milimita 114.3 ce, na Marsandi 112. Bambancin ɗan kaɗan ne, har za a iya tursasa shi ya shiga, kuma a nan haɗarin yake, domin notin ba ya zama daidai, yana cin ƙarfen a karkace har wata rana ya kwance ko ya karye. Duk wanda ya taɓa ganin taya ta fice daga mota tana gudu ita kaɗai a titi ya san abin da nake faɗa. Wajen ɗauri kuma, ba a bin noti a jere, tsallake ake yi, wannan sannan na gabansa ta ɗaya ɓangaren, kamar kana zana tauraro. Kuma wannan hawa kan sifana da yaran gareji ke yi suna tsalle, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, miƙar da ƙarfen yake yi. Bayan ka yi 'yar tafiya da sabon ɗauri, ka sake bi ka taɓa su.

Sai ƙafar mota. Taya ba ita kaɗai take aiki ba. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shokozoba kuma aikinta ta hana motar yin ta lilo, ta danne taya ta zauna a ƙasa. In shokozoba ta mutu, tayar tsalle take yi a kan titi, kuma tayar da ke sama ba ta birki. Ka leƙa ka gani ko mai yana tsiyaya a jikinta. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, in ta yi ta rawa sama da ƙasa ba ta tsaya nan take ba, akwai magana. In za a canza, a canza biyu tare, hagu da dama. Kuma masu cusa guntun roba a cikin sifirin ko ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki lodi ba ta zauna ba, ku sani kun ɗaga motar ne kawai, taya da birki suna nan yadda kamfani ya yi su.

In kana jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba in ka shiga gargada, ko sitiyari yana wasa, a duba bol-join da tayirod da bushin. Bol-join shi ne ke sa ka ga mota a tsakiyar titi ta durƙusa, ƙafa ɗaya ta karkace waje. A cikin gari abin kunya ne kawai, a babbar hanya kuwa sai dai addu'a. Tayarka ma tana ba ka labari in ka iya karatu. In gefe ɗaya ne ke cinyewa, alaimen ne. In tsakiya ne, iska ta yi yawa. In gefe biyun ne, iska ta yi kaɗan. In tudu da kwari take yi, shokozoba ce. In sitiyari yana karkarwa da ka ɗau gudu, a yi balansin. Sa sabuwar taya a kan ƙafar da ta lalace, kamar zuba ruwa ne a rariya.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu: malam, duk mun ji, amma kuɗin fa? Gaskiya ne, ba zan zauna nan in yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Amma ga abin da zan ce. In ba ka da kuɗin huɗu, sayi biyu, kuma a sa sababbin a baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja. Mutane suna mamakin wannan, amma in gaba ta sulɓe kana da sitiyari a hannu, in baya ta kwashe motar juyawa take yi da kai. Sabuwar taya ta ƙaramin kamfani mai kwanan wata na kusa ta fi babban suna mai shekara tara. In kuma dole sai gwanjon, to aƙalla ka karanta shekarar, ka sa a cire ta ka duba cikinta, ka ƙi mai ƙari, ka ƙi mai faci a gefe. Huji a tsakiyar zane ana gyara shi, amma gefen taya ba ya faci, duk wanda ya ce maka zai yi, ranka yake wasa da shi. Araha dai ba ta ado.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi ta fashe kana gudu, ka yi abin da direbanmu ya yi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka fizge motar. Ka sassauta totur a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, ku ajiye ta a waya.

Ga aikin gida, kuma da gaske nake. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka je wurin motar gidanku, ko ta babanka, ko ta maƙwabci, ko Keke Napep ɗin da abokinka yake ja, ka haska fitilar waya ka karanta lambobi huɗun nan a kowace taya. Ka rubuto mana abin da ka gani a ƙasan wannan rubutu, mu ga wa zai samo wadda ta fi tsufa. In za ka yi tafiya kuma, kafin ka biya kuɗi ka zagaya motar sau ɗaya. In ka ga waya ta leƙo ko taya ta yi ƙari, ka yi wa direba magana cikin ladabi, ka ce Baba ko Oga, ka ga wannan kuwa? Ba faɗa za ka yi ba. In ya ƙi ji, ka jira ta gaba, 'yan kamasho su yi ta surutunsu. Kuma in kana da ɗan'uwa mai faci ko direban haya, ka karanta masa wannan, domin shi a rana ɗaya yana taɓa tayoyin da kai ba za ka taɓa a shekara ba.

Shi wancan direban namu, da muka sa safaya za mu tashi, sai da ya zagaya sauran ukun yana karantawa da kansa, yana kirana in tabbatar masa. Biyu daga ciki ba su da laifi. Ta ukun 2015 ce. A hankali muka ƙarasa Kaduna, ba wanda ya ce masa ya ƙara gudu.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.